Dajin Sunut ya tafi a gawayi: da wane itace za a sassaƙa ud da jita a Hartum?

Duk wanda ya bi ta Mugran zai haye gada zuwa Umdurman ya ga abin da ya sami dajin Sunut. Dajin bagaruwa ne mai faɗin hekta wajen 1,500 a bakin Bahar Abyad, an killace shi tun 1939. Ya ga ƙarshen mulkin Ingilishi, ya ga juyin mulki ɗaya bayan ɗaya, amma bai tsira daga yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilun 2023 ba. Gas ya yanke, wuta ta ɗauke, sai gatari ya shiga. Ba zan zargi uwar da ta tuƙa wa 'ya'yanta asida da reshen bagaruwa ba. Masu loda gawayi a mota su kai kasuwa kuwa, tasu maganar daban ce.

An yi ta jajen tsuntsaye da inuwa, kuma daidai ne. Ni hankalina ya tafi ga wasu 'yan tsiraru da ba a cika tunawa da su ba: masu sassaƙa ud, da tambur, da jita, da masu gyaransu. Na san malamanmu sun saɓa a kan kiɗa, kuma ba fatawa na zo bayarwa ba, ni malamin aji ne. Sana'ar hannu nake magana a kai, sana'ar da mu Hausawan Sudan muke da tarihi a cikinta. A'isha Falatiya, 'yar gidanmu ce, ita ta buɗe wa mata ƙofar Rediyon Umdurman a farkon shekarun 1940, 'yar'uwarta Jiddawiyya na kaɗa mata ud. Sharhabil Ahmad, wanda ya riƙa zana Ammak Tangu a mujallar Sibyan ta 'yan makaranta, shi ya zaunar da jita a cikin waƙar Sudan, matarsa Zakiyya ita ma tana riƙe da jita a ƙungiyarsa.

Tun kafin yaƙi katakon kirki ya yi wuya. Ranar 9 ga Yulin 2011 da Kudu ta ɓalle, ta tafi da mafi yawan dazuzzukan tik da na mahogani. Mahoganin nan da kafintoci ke kambamawa ba wani baƙo ba ne, maɗacinmu ne, wanda kakanni ke jiƙa ɓawonsa saboda ciwon ciki. Daga nan warsha-warsha suka ƙara dogara ga muski da zan da ake saukewa a Bur Sudan. Yaƙi ya zo ya ƙarasa abin da ya rage, kuma asarar da ta fi ciwo ita ce busasshen katako. Mai haɗa kayan kiɗa ba ya yanka itace yau ya manna gobe. Yakan jingine katako shekaru har ya gama motsi. Irin wannan ajiyar, wuta ba ta bambanta ta da kara.

A nan ne nake ganin muna da wata dama da ba mu lura da ita ba. Jitar masana'anta ana haɗa ta a ɗakin da danshin iska ke wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Ka kawo ta Hartum a watan Maris ko Afrilu, lokacin da danshi ke sauka ƙasa da kashi 20. Fuskar jita kaurinta bai wuce milimita 3 ba, ga tsirkiyoyin ƙarfe shida na jan ta da nauyin da ya kai kilo 70. Katako ya tsuke, fuska ta tsage, jakin da ke riƙe tsirkiya ya ɗago. A makarantar da na koyar kafin yaƙi an taɓa kawo mana jita biyu kyauta, ba su ga damina ta biyu ba. Abin da aka busar a nan, aka manna a nan, shi ya san zafin nan. Wannan fifikon babu masana'antar waje da za ta ƙwace wa kafintan Soba.

To amma da wane itace? Masu sayar da jita sun daɗe suna cusa wa mutane cewa sai katakon Barazil ko na Indiya murya ke fita. Wani kafinta ɗan Sifen, Antonio de Torres, wanda daga gare shi jitar zamani ta samo siffarta, ya gwada wannan tun 1862: ya haɗa jita da baya da gefe na kwali, fuskar kaɗai ya yi da katako mai kyau, kuma ta yi murya. Fuska ita ce mai magana. Ita ce ke son katako marar nauyi mai ƙarfi irin na ƙasashen sanyi, wanda ba ya tsiro a ƙasarmu, don haka ita kaɗai ce dole a shigo da ita, ko a nemo ta a jikin tsofaffin kayan ɗaki. Sauran jiki fa? Maɗaci manyan kamfanoni na yin baya da wuyan jita da shi tuntuni. Babanus, baƙin itacen da masu sassaƙar tsaraba a kasuwar Umdurman ke yin giwaye da sanduna da shi, shi Turawa ke yin algaitarsu ta kilarinet da shi. Bagaruwa da ta ɗauki layin dogo, ta ɗauki jiragen ruwan Abu Rof, ban ga abin da zai hana ta ɗaukar allon yatsu da jaki ba. Koa ta tsibirin Hawaii, da ake biyan kuɗi masu yawa a kanta, dangin bagaruwa ce.

Duniyar ma can ta nufa, ba don tana so ba. Yarjejeniyar CITES ta hana cinikin jan katakon Barazil tun 1992. Kamfanin Gibson na Amurka ya biya tarar dala 300,000 a 2012 a kan katakon Madagaska. Kamfanin Taylor ya shiga hannun jari a injin yankan baƙin katako a Yawunde a 2011, ya fara amfani da mai ratsi-ratsin da a da ake bari ya ruɓe a daji, daga 2020 kuma ya soma haɗa jita da bishiyoyin bakin titi da aka sare a garuruwan Kalifoniya. Sai taron Panama na Nuwamban 2022 ya sa maɗaci da kawo na Afirka cikin jerin itatuwan da sai da takarda ake ƙetare iyaka da su. Ku lura da kyau: takardar ta shafi gungume da yankakken katako, ba ta shafi jitar da aka gama ba. Wato dokar da kanta tana gaya mana mu sayar da aiki, mu bar fitar da gungume.

Kada in yi muku daɗin baki. Saurayin da ya dawo daga gudun hijira ya tarar da gida ba ƙofa ba taga, ba jitar hannu zai saya ba. In ya samu sarari, ta Sin mai arha zai ɗauka. Ƙwararru da yawa suna Alkahira da sauran wurare, wasu ba za su dawo ba. A ganina sana'ar za ta farfaɗo ne ta ƙofar gyara: ud ɗin da aka taka, jitar da wuyanta ya karye, tambur ɗin da fatarsa ta yage. Tun da sojoji suka karɓe Hartum a Maris 2025 mutane ke ta kwashe tarkace, kuma cikin tarkacen akwai ƙyamaren maɗaci da kabad-kabad da suka shekara arba'in suna bushewa. Katakon da mai jita zai yi mafarkinsa ke nan, ana faskara shi ana hura wuta.

Hannun ma ba sai an je nesa ba. Dattawanmu da ke sassaƙa allo da aduwa, da turmi, da akushi, sun san jijiyar itace fiye da yadda muke zato. Mai goge bai taɓa jiran jirgin ruwa ba: ƙwarya, fatar guza, gashin wutsiyar doki, shi ke nan. Matsalarmu ita ce mun ɗauki wannan aikin maroƙa, muna jin kunyar a ga ɗanmu a ciki, alhali yaron da ya iya fere katako zuwa milimita 3 ba tare da ya tsage ba, babu warshar da za ta ƙi shi. Ina da ɗalibai a aji waɗanda lissafi ke ba su kashi a allo, amma ka ba su ma'auni da zarto ka ga ikon Allah.

A nan Soba muke da Cibiyar Binciken Gandun Daji da cibiyar irin itatuwa ta ƙasa. Idan za a sake dasa Sunut da titunan Hartum, su ya kamata su faɗi abin da za a dasa, kuma ina roƙon a sa maɗaci da babanus a lissafi, kada a cika ko'ina da nim don kawai yana saurin girma. Maɗaci sai ya yi shekaru gommai kafin ya ba da katakon kirki. Kafin nan, kwamitocin unguwa na iya ware tsofaffin ƙyamare da kututturan da suka yi kauri kafin masu gawayi su riga su, a jingine a inuwa, a shafe bakunansu da fenti ko kakin zuma don kada su tsattsage.