WA ZAI BIYA BASHIN MAMACI?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa shi ne wani al'amari da ya faru a nan Zebilla, wanda na tabbata an taɓa ganin irinsa a Bawku da Yendi da Salaga. Wani abokin sana'armu ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Tun ba a yi sadakar uku ba masu bin bashi suka fara sallama. Maigidansa na kasuwar Pouytenga a Burkina Faso yana bin sa kuɗin shanu, banki yana bin sa ragowar rance, ga kuma ɗan bashin waya. Shi ma yana bin mahauta a Kumasi, amma ba wanda ya san ko su wane ne balle nawa ne, domin lissafin duka a kansa yake. Da aka matsa wa babban ɗansa, yaro mai kunya, sai ya kama shanun da ya tara da guminsa ya sayar, ya biya wanda ya fi ɗaga murya. Maigidan Pouytenga kuwa, da ya yi kawaici, har yau bai ga ko dala ba.

To, ni a ganina an yi kuskure biyu: an ɗora wa yaro nauyin da ba nasa ba, an kuma danne haƙƙin mai haƙuri.

Bashin mamaci a kan dukiyar da ya bari yake. A shari'ar Musulunci tsarin a fili yake: a fara da hidimar jana'iza, sa'an nan bashi, sa'an nan wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, abin da ya rage shi ne gado. Ayoyin gado na Suratun Nisa'i sun maimaita cewa rabo sai bayan wasiyya da bashi. Dokar Gana ma haka ta tafi. A ƙarƙashin dokar kula da dukiyar mamaci ta 1961, wato Doka ta 63, wanda kotu ta ba takardar izni shi ne zai tattara dukiya ya biya basussuka, kafin a zo ga rabon da dokar gado ta 1985, mai lamba 111, ta tsara wa wanda bai bar wasiyya ba. In dukiya ta ƙare bashi bai ƙare ba, mai bin bashi ba shi da hurumin shiga garken ɗa, ko ya taɓa awakin matar mamaci. Hasali ma in da sauran sadakinta da ba a biya ba, ita ma tana cikin masu bin bashi.

Wannan ya haɗa da rancen banki, da na waya, da katin bashi na banki irin wanda 'ya'yanmu na Akra da na ƙasashen waje suke riƙewa. Kada ma'aikaci ya tsorata ka da cewa sunanka ne marigayi ya rubuta a matsayin ɗan'uwa mafi kusa. Wannan suna don a san wanda za a tuntuɓa ne, ba ya mai da kai mai lamuni, kamar yadda ba ya mai da kai magaji.

Amma fa akwai inda bashi yake kama mai rai. Na farko, in ka sa hannu ka tsaya wa mutum lamuni. Mu mun fi kowa sanin wannan, tun da a sana'armu maigida ne yake tsaya wa mahauci, a Kumasi ko a Tulaku ta Ashaiman, in mahauci ya faɗi shi zai biya baƙonsa, daga baya ya bi dukiyar mahaucin. Na biyu, in jarinku ɗaya da marigayi, da sunanku biyu aka ci bashin. Na uku, in akwai jingina, gida ko mota, to mai rance yana da haƙƙi a kanta. Na huɗu, in ka yi gaggawa ka kore shanun mamaci ko ka kwashe kuɗinsa tun ba a yi lissafi ba, ka jawo wa kanka, za a bi ka gwargwadon abin da ka ɗauka.

Na san wani zai ce, "Haba malam, ɗan halak zai bar ubansa da bashi a kabari?" Gaskiya ne, bashi abu ne mai nauyi. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya dakata da yi wa wani mamaci salla saboda bashi, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Ɗan da yake da hali ya biya wa ubansa ya yi abin yabo. Sai dai wannan kyautatawa ce da mutum yake yi don ransa ya so, bayan an gama lissafi, an san gaskiyar abin da ake bi. Ba a karɓar ta da barazana a zauren makoki.

Tushen rigimar duka rashin rubutu ne, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Kakanninmu sun yi fataucin goro a Salaga da amana, amma su ayari guda suke tafiya, kowa shaidar kowa ne. Mu yau muna saye da sefa a Bittou, mu sayar da sidi a Techiman. Wanda ya ga yadda aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, ya ga yadda sidi dubu goma ya koma sidi ɗaya a 2007, ya san cewa bashin da ba a rubuta da wane kuɗi aka ci shi ba, rigima ce aka bar wa marayu.

Saboda haka ina ba ƙungiya shawara uku. A buɗe littafi wurin magatakarda, duk wanda ya ɗauki shanu bashi ko ya bayar, a rubuta adadi da irin kuɗi da ranar biya da shaidu biyu. In ɗan ƙungiya ya rasu, a naɗa dattawa uku su aika saƙo duk kasuwannin da yake hulɗa, mai bi da wanda ake bi kowa ya fito, kada a raba ko ɗan maraƙi sai sun gama. Sa'an nan duk mai karɓar rancen banki ya tambaya ko akwai inshorar da take biyan ragowar in mutuwa ta zo, domin rance da yawa suna da ita, iyali ba su sani ba. Ya kuma gaya wa matarsa da babban ɗansa inda takardun suke.

Mu da kullum muke bisa hanya, daga Kulungugu har bakin teku, ba mu san inda rai zai yi halinsa ba. Allah Ya sa mu cika ba da haƙƙin kowa a kanmu ba, amin.