Sabuwar GT-R: batir, fetur, ko janareta a ciki? Zare 🧵

1/
Samarin Gusau masu musun mota a majalisa, ku matso. Nissan ta rufe ƙera GT-R R35 a watan Agustan 2025, bayan shekara 18. Yanzu duniya na ta hasashen mai gadonta, wadda ake kira R36. Ra'ayina: in suka yi ta da batir zalla, sun tafka kuskure. Ku biyo ni.

2/
Ga wanda bai san ta ba: ita ce ake wa laƙabi da Godzilla. Ta fito a 2007, injin V6 mai lita 3.8 da turbo biyu, tana ja da ƙafa huɗu. Kowane inji da hannu ƙwararru ke haɗa shi a Japan. Ta sha kunyata motocin da suka ninka ta kuɗi.

3/
Daga ina zancen lantarki ya taso? A bajekolin motoci na Tokyo, Oktoban 2023, Nissan ta nuna wani samfuri mai suna Hyper Force. Lantarki zalla, kilowat 1,000, wato ƙarfin doki sama da 1,300. Fitilun baya huɗu zagayayyu irin na GT-R sak. Kowa ya ce to, an gama magana.

4/
Ta fuskar siffa, ga hasashena. Fitilun nan huɗu ba za su taɓa su ba, su ne tambarin gidan. Faɗin kafaɗa zai tsaya. Amma kusurwoyin Hyper Force masu kama da wasan kwamfuta za a goge su, don motar baje koli daban, wadda za a saya a hau titi daban.

5/
Kar a ce ina ƙin lantarki. A gudu dai batir ya riga ya ci gasa. A Satumban 2025 motar China, Yangwang U9 Xtreme ta kamfanin BYD, ta taka kilomita 496 a awa a filin gwaji na Jamus. Ta wuce Bugatti. Wannan ba abin musu ba ne.

6/
To me ya rage? Nauyi. GT-R R35 tana wajen kilo 1,750, kuma tun a haka ana mata gorin ƙiba. Hyundai Ioniq 5 N mai batir ta kai wajen kilo 2,200. A miƙaƙƙen titi ba za ka ji ba. Shiga kwana da gudu, ka taka birki, nan nauyi zai gaya maka gaskiya.

7/
Sai ƙara. Malam, rabin daɗin motar tsere a kunne yake. Kamfanonin ma sun sani. Dodge ta saka wa Charger Daytona mai lantarki na'urar kwaikwayon rurin salansa. Hyundai ta saka wa tata canjin giya na bogi. In abu ya isa da kansa, me ya kai shi kwaikwayon wanda ya zo ya gada?

8/
Masu kuɗin ma sun ja baya. Mate Rimac, mai kamfanin da ya ƙera Nevera, ya faɗa da bakinsa a 2024 cewa manyan attajirai ba sa rububin irin waɗannan motoci na lantarki. Porsche da ta ce sabuwar 718 batir ce zalla, a 2025 ta dawo ta ce manyan samfuranta za su zo da injin fetur.

9/
Wani zai ce: kai da ko Golf ba ka da ita, ina ruwanka da GT-R? Da ruwana. Abin da aka gwada a motar tsere yau, shi ke gangarowa Corolla gobe. Corollar kuma bayan shekara goma ko sha biyar ita ce 'yar Kwatano da za a sauke mana a Gusau.

10/
Tarayyar Turai ta kafa doka a 2023 cewa daga 2035 sabbin motoci su zama marasa hayaƙi, ko da yake ana ta ja-in-ja a sassauta. Ko an sassauta ko ba a sassauta ba, tsofaffin motocin da za su zo mana nan gaba da batir za su zo. Ba a tambaye mu ba, amma mu za mu hau.

11/
Yanzu ɗauko motar batir zalla ka aje ta a Tsafe. Batirin Ioniq 5 N kilowat-awa 84 ne. Ƙaramin janaretan nan na shagon aski bai kai kilowat ɗaya ba. Yi lissafi: sama da awa 80 yana ruri kafin ta cika. Kwana uku da rabi kana ƙona fetur don ka guje wa fetur. 😅

12/
Wutar NEPA fa? Duk ɗan Bungudu ya san amsar, ba sai na ɓata maka data ba. Ga zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, kuma zafi na cikin manyan abokan gaban batir. Wayarka ma in ta sha rana ka ga yadda take yi.

13/
Ga wanda ya fi duka nauyi, ba na wasa ba. Hanyar Funtuwa zuwa Tsafe zuwa Gusau ba wurin da mutum zai so caji ya ƙare masa ba ne da yamma. Mai fetur zai samu galan a ƙauye ya zuba a minti biyu ya wuce. Mai batir sai addu'a. A wurinmu nisan zango maganar rai ce.

14/
Shi ya sa na ce mafita ita ce gauraye: batir da inji tare. Abin daɗin kuma, ɗan gida ne ya zana ɗaya daga cikin motocin da suka yi suna da wannan dabara. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato. Ya yi karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi kafin ya tafi Detroit a Amurka.

15/
A General Motors shi ya zana samfurin Chevrolet Volt da aka nuna a 2007, aka fara sayarwa ƙarshen 2010. Tsarinta: batir ya kai ka wajen kilomita 56, in ya yi ƙasa ƙaramin injin fetur ya tashi ya ba da wuta. Wato mota da janaretanta a ciki. Wane ɗan Najeriya ne ba zai gane wannan ba?

16/
Kilomita 56 ya ishi zirga-zirgar cikin Gusau ta yini, har ka leƙa Bungudu ka dawo ba ka ƙona ko lita ba. Ranar da tafiyar Sakkwato ta kama, inji ya karɓa. Tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023, kowa ya san darajar litar da bai saya ba.

17/
A motar tsere kuma gaurayen ya riga ya nuna kansa. Ferrari 296 da McLaren Artura duk V6 ne da motar lantarki. Porsche 911 GTS ta 2024 ma gauraye ce. Lantarki na ba da fizgar farko, inji na ba da ruri da dogon numfashi. Nan nake sa ran R36 za ta sauka.

18/
Masu cewa batir zalla ne gaba suna da hujja: babu canjin baƙin mai, babu fulogi, kayan lalacewa kaɗan, ga rana kyauta. A 2021, lokacin Jelani na shugabantar hukumar NADDC, an buɗe tashar caji mai aiki da sola a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A Maiduguri Mustapha Gajibo na haɗa bas-bas masu lantarki.

19/
Na yarda, amma ku lura da inda abin ya zauna: bas da keke masu zagaye cikin gari, su dawo tasha ɗaya su kwana a caji. Wannan zai yi aiki a Gusau gobe in an sa kuɗi. Motar da za ta ratsa daji kilomita 200 kuwa, ba yanzu ba.

20/
Abin da ke damuna shi ne garejinmu. Yaron da ke koyon kanikanci yau, nan da shekara goma za a kawo masa mota mai batirin volt 400. Wannan ba batirin Golf ba ne da ake taɓa waya a ga tartsatsi. Kuskure ɗaya kisa ne. Wa ke koya masa? Jami'ar Tarayya ta Gusau da kwalejin Kaura Namoda, wannan aikinku ne.

21/
Sai ma'adinai. Batir na cin lithium, ana haƙarsa a Nasarawa da wasu jihohin. An ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara a Disambar 2024. Mu da muka binne yara sama da 400 saboda gubar dalma a 2010, a garuruwan Anka da Bukkuyum, bai kamata a yi mana gaggawa ba. Motar wani ta yi tsafta, rijiyarmu ta gurɓace? A'a.

22/
Roƙo ɗaya ga masu zane: ku ɗaga ta daga ƙasa ko kaɗan. Tsakanin cikin GT-R da kwalta bai wuce tafin hannu ba. Tudun rage gudu na farko a Kwatarkwashi zai cire mata bamba. 😂

23/
Hasashena ke nan: R36 da injin V6 da batir, fitilu huɗu a baya. Ku aje wannan zaren, in ta fito da batir zalla ku zo ku yi min dariya. Kafin nan, mai ƙani a gareji ya tura shi ya koyi wayarin da sola. Kai fa, batir ko fetur? Ka zo da hujja, ban da zagi. 👇