Filin Gida da Na'ura: Kwamfutar da Aka Goge Ba Ta Mutu Ba

 

Kwanakin baya wani maƙwabcinmu a Cité Verte ya yi mana sallama bayan la'asar, ɗauke da kwamfutar tafi-da-gidanka ta ɗansa, wanda ke karatu a Jami'ar Yawunde ta Ɗaya da ke Ngoa-Ekellé. Kwamfutar ta yi nauyi, abokan yaron suka ba shi shawarar ya goge komai ya sake zuba Windows. Ya ari filashi, wanda a nan muka fi sani da kile, ya share dukkan sassan faifan ajiya, zubawar ta soma, sai ta tsaya a tsakiya. Da ya sake kunnawa bai ga komai ba sai baƙin allo da layi ɗaya na Turanci, mai cewa ba a sami abin da za a tashi da shi ba. Mai gyaran da suka fara zuwa wurinsa ya ce musu ta mutu, ya kuma nemi su sayar masa da ita a ɗan kuɗi kaɗan don ya ciri kayan gyara. A cikin faifan nan kuwa akwai kundin kammala digirin yaron, da hotunan kakarsa da ta rasu.

Mun ce wa mahaifin: Alhaji, kada ka sayar. Irin wannan matsala tana yawan aukuwa a gidajenmu na Briqueterie, musamman da yake mafi yawan kwamfutocinmu na hannu ne da ake sayowa a Avenue Kennedy da makamantan wuraren, don haka muka ga ya dace mu yi bayaninta dalla-dalla.

Duk kwamfuta tana da ƙaramar manhaja da ke zaune a jikin babban allonta na ciki, ba a faifan ajiya ba. A tsofaffi ana kiranta BIOS, a sababbi kuma UEFI. Ita ce ke fara farkawa idan an danna maɓalli, ta duba sassan na'urar, sannan ta leƙa faifan ajiya tana neman babbar manhajar da za ta miƙa wa ragamar aiki, wato Windows ko Linux. Idan an goge faifan, ba za ta sami kowa ba, sai ta rubuta wannan saƙo ta tsaya. Ganin saƙon ma shaida ce cewa allo da ƙwaƙwalwa da wuta duk suna aiki. Misalinsa kamar allon almajiri ne da aka wanke: rubutun ya tafi, amma allon yana nan lafiya, yana jiran alƙalami. Abin lura shi ne, sashen da kamfani ke ɓoyewa a faifai don mayar da kwamfuta yadda ta fito daga masana'anta shi ma yana tafiya tare da gogewar, don haka maɓallin gyaran da aka saba dannawa ba zai amsa ba.

Mataki na farko shi ne a dakata. Idan akwai wani abu a cikin faifan da ake bukata, kada a sake zuba komai a kansa. Share sassan faifai ko yi masa fomatin na gaggawa yakan cire jerin sunayen da ke nuna inda kowane abu yake ne kawai, su kuwa bayanan suna nan kwance har sai an rubuta sabo a kansu. Akwai manhajoji biyu na kyauta, TestDisk da PhotoRec, waɗanda Christophe Grenier na Faransa ya rubuta. Ta farko tana ƙoƙarin mayar da sassan da aka share, ta biyu kuma tana tsinto hotuna da takardu ɗaya bayan ɗaya, sai dai ba tare da sunayensu na asali ba. Abin da aka tsinto a ajiye shi a wani faifai dabam. A sabon faifai irin na SSD damar ba ta da yawa, domin shi yakan share gurbin da aka saki da kansa.

Mataki na biyu, a nemi filashi mai gigabait 8 ko fiye, da wata kwamfuta mai aiki da intanet. A sauko da Windows daga shafin Microsoft kansa, inda akwai manhajar kyauta da ke shirya filashin, ko a yi amfani da Rufus. A sani duk abin da ke cikin filashin zai goge. Muna jan kunne game da Windows ɗin da ake kwafa hannu da hannu, domin wasu sun lalace, wasu kuma an cusa musu manhajar leƙen asiri. Filashin da yaron nan ya ara ne ya jawo tsayawar.

Mataki na uku, a sa filashin, a kunna kwamfutar, nan take a riƙa danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi. A HP F9 ne, a Dell F12, a yawancin Lenovo da Acer ma F12. A tabbata batir ya cika kuma caja tana jone, saboda ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki tana mayar da mutum farko.

A nan ne ake yawan cin karo da cikas biyu. Na ɗaya, faifai yana da tsari iri biyu, tsohon MBR mai tafiya da BIOS, da sabon GPT mai tafiya da UEFI. Idan aka tayar da filashi ta wata hanya alhali faifan yana kan ɗaya tsarin, Windows za ta ƙi zama. Maganinsa a sake tashi a zaɓi layin filashin da ke ɗauke da UEFI, a share ragowar sassan, a bar manhajar ta tsara faifan da kanta. Na biyu, idan ba a ga faifan a jerin ba sam, a shiga saitin BIOS a duba. In yana can, direbansa ne ya rage, ana kuma samunsa a shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar. In babu shi ko a can, to ko ya kwance daga mazauninsa ko ya lalace, kuma canja faifai ya fi sayen wata kwamfuta sauƙi nesa ba kusa ba.

Game da lasisi, tun fitowar Windows 8 a 2012 manyan kamfanoni ke adana lambar lasisin a cikin UEFI, don haka gogewa ba ta taɓa ta. Kada a biya kuɗin abin da aka riga aka mallaka. Sai dai Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin da ta saba bai wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, ita kuwa Windows 11 da ta fito a 2021 tana bukatar UEFI da wani sashen tsaro mai suna TPM 2.0, abin da tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi. Ga irin waɗannan akwai Linux Mint da Ubuntu, kyauta ne, suna da Faransanci, kuma sun isa yin rubutu da bincike da aikin makaranta.

Kwamfutar maƙwabcinmu ta tashi washegari. An tsinto yawancin hotunan Hajiya. Babi uku na kundin an same su a saƙonnin da yaron ya taɓa aika wa malaminsa, amma babi na ƙarshe zubawar da ta tsaya ta riga ta hau kansa, dole ya sake rubuta shi daga takardunsa na hannu, makonni kaɗan kafin ranar miƙawa.

Don haka muke kira ga iyaye da matasa: kafin a goge komai, a kwafe takardu da hotuna a wuri biyu, sannan a buɗe kwafin a tabbatar yana aiki. In kuma za a kai wa mai gyara, a zauna tare da shi, domin hotunan iyali amana ne.

Sai mun sake haɗuwa a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu. Wassalam.