Guzurin Soja a Zamanin da Yanayi Ya Sauya

A ranar 10 ga Satumba, 2024, sa'ad da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle cikin dare, kogin Ngadda ya tumbatsa ya malale unguwannin Maiduguri har ya shiga fadar Shehun Borno da asibitin koyarwa, cikin waɗanda suka kutsa ruwa suna ɗebo mata da tsofaffi da yara akwai sojoji da manyan motocinsu, alhali kuwa an kai su garin ne don yaƙi da masu tada ƙayar baya, ba wanda ya tanadar musu jiragen ceto gwargwadon irin wannan musiba. Sun yi abin a yaba musu. Amma yabo ba ya ɗauke tambayar da ta hau kan shugabanninsu, wato ko an shirya rundunar don ƙasar da take aiki a cikinta yau, ko kuwa don ƙasar da kakanninmu suka sani.

Na san mai karatu zai iya cewa zancen hayaƙi da ɗumamar duniya nauyi ne na waɗanda suka ɓata sararin sama, kuma yana da hujja, domin kason Afirka duka cikin hayaƙin da duniya ke fitarwa bai kai huɗu cikin ɗari ba, sannan Amurka ce da kanta ta matsa a taron Kyoto na 1997 aka sassauta lissafin hayaƙin sojoji. Saboda haka ba don mu wanke laifin wasu nake wannan magana ba. Ina yin ta ne don ran kurtun da aka ajiye a Malam Fatori ko Damasak, wanda iyayensa suka ba da amanarsa ga hukuma.

A dubi Tafkin Chadi. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Farin shekarun 1970 da na 1980 ya janye shi har ya rabu gida biyu, kudu da arewa. Daga bisani kuma ruwa ya riƙa komowa, sai dai ba bisa ƙa'idar da masunta da makiyaya suka gada ba, ta yadda wurin da mota ta bi bara, bana fadama ce mai kacalla da ta fi tsayin mutum, kuma tudun da aka yi noma a kansa ya zama tsibiri. A cikin wannan sarƙaƙiya ta tsibirai mayaƙan Boko Haram suka sami mafaka, daga nan ne kuma suka far wa sansanin Bohoma a watan Maris na 2020, suka kashe sojojin Chadi kusan ɗari, har shugaban Chadi na lokacin, marigayi Idriss Deby, ya fita da kansa ya jagoranci ramuwa. Rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen tafkin, mai hedkwata a Njamena, tana fuskantar abokin gaba wanda ya san hawan ruwa da saukarsa kamar yadda ya san sunansa, kuma duk hafsan da ya tsara farmaki bisa taswirar da aka zana kafin ruwa ya sauya hanya, to ya tura bayin Allah ne cikin halaka, ko da niyyarsa kyakkyawa ce.

Mas'ala ta biyu, wadda ta fi damuna, ita ce man fetur da man gas. Sansanin da ke nesa da gari yana rayuwa ne da janareto: da shi ake kunna fitilun tsaro, ake cajin oba-oba da jirage marasa matuƙa, ake jawo ruwan burtsatse, ake sanyaya magani. Kowace lita kuwa sai an ɗauko ta a tanka, an bi da ita hanyar da maƙiyi ya sani, ya binne mata nakiya, ya yi mata kwanton ɓauna. Amurkawa sun koyi wannan darasi da jini, domin wani bincike na rundunarsu da ya fito a 2009 ya ƙiyasta cewa a Afganistan, a shekarar 2007, cikin kowane ayari 24 na dakon mai ana samun mutum guda da aka kashe ko aka raunata. Wannan ne ya sa a 2010 wata ƙungiyar mayaƙansu ta shiga yankin Sangin na Afganistan da faifan sola da batura, aka rage yawan man da ake kai mata. Ko da yake gwamnatin da ta hau mulki a Amurka a 2025 ta juya wa zancen yanayi baya, lissafin bai sauya ba: ayarin da bai tashi ba, ba wanda zai tare shi. Mutanen Maiduguri ma shaidu ne cewa abin da ake kawowa daga nesa maƙiyi na iya yanke shi, tun da a Janairun 2021 aka fasa turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, birni duka ya daɗe cikin duhu.

Malaman usuli sun kafa ƙa'ida cewa duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi; kuma wanda ya karanta tarihin yaƙin Tabuka, da aka fita cikin tsananin zafi da nisan tafiya, ya san cewa falalar da Sayyidina Usmanu ya samu a wannan fita ta guzuri ce. Zafin namu kuwa ƙaruwa yake, don a Afrilun 2024 ma'auni ya haura digiri 48 a garin Kayes na Mali, kuma sojan da ke sanye da sulke da kwalkwali a irin wannan rana, ruwan sha mai sanyi a gare shi magani ne.

Lalle hasken rana ba zai tuƙa tankar yaƙi ba, ba zai tada jirgin sama ba, kuma duk wanda ya ce haka ya yi wa jama'a ƙarya. Abin da nake nema ya fi wannan sauƙi. A fara da sansanonin bakin daga, daga Monguno zuwa Baga, a ba kowanne sola da batura da famfon burtsatse, janareto ya koma na ko-ta-kwana. A ƙarfafa sojan ruwa na Baga da ƙananan jiragen da ke ratsa fadama. A sa hasashen damina na hukumar NiMet cikin darussan kwalejin soja ta Jaji da makarantar hafsoshi ta Kaduna. Za a gamu da turjiya daga waɗanda ribarsu ke cikin kwangilar dakon mai, don haka ya wajaba Majalisar Tarayya ta riƙa neman lissafin litocin da aka rage a kowane sansani shekara-shekara, a kuma horar da makanikai daga cikin kuratan kansu, waɗanda za su share ƙurar hunturu daga faifan, su gyara abin da ya lalace ba tare da jiran ɗan kwangila daga Abuja ba.