Mai Saurin Haki Ba Lallai Rago Ba Ne

'Yan uwana ɗalibai da malamanmu, duk lokacin tsere ko wasan langa, da yaro ya fara haki sai a hau yi masa ihu, "Rago!" A ganina wannan ba adalci ba ne.

Zuciya tsoka ce da ke bugawa kusan sau 100,000 a rana. Ƙananan ƙwayoyin tsokarta ne ke matsewa su tura jini mai ɗauke da iskar oksijin zuwa ƙafafu. Wanda ƙwayoyinsa suka fi ƙarfin matsewa ya fi jure gudu. A Amurka, tun 1996 masana suka riƙa haɗa ɓeraye masu juriyar gudu su haihu, marasa juriya ma daban. Jikokin masu juriyar sun fi yin nisa ko ba horo, ƙwayoyin zuciyarsu kuma sun fi ƙarfi. Ashe akwai gado a ciki. Amma da aka horar da raunanan, su ma zuciyarsu ta ƙara ƙarfi.

Mu a nan akwai wani dalilin. Gubar dalma, wadda ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, tana rage jini. Haka ma sikila da zazzaɓin cizon sauro. Mai ƙarancin jini kuwa dole ya yi haki.

Don haka a daina mayar da darasin motsa jiki lokacin sharar fili, kowa ya sami damar horar da zuciyarsa gwargwadon ƙarfinsa. Wanda ya ji jiri ko ciwon ƙirji, asibiti ya kamata a kai shi, ba dariya ba. Sannu ba ta hana zuwa.