Zuwa ga masu mayar da littafi fim a Kannywood



Kafin ku sake ɗaukar wani littafi ku ce za ku mayar da shi fim, ku nemi The Shawshank Redemption na Frank Darabont, wanda ya fito a 1994, ku kuma karanta gajeren labarin Stephen King na 1982 da aka ciro shi daga ciki. Ku duba inda Darabont ya sa almakashi da inda ya yi ƙari.

A littafin, shugabannin gidan yarin da labarin ya faru a cikinsa sun yi ta canjawa. Darabont ya dunƙule su ya mayar da su mutum guda, Norton, mai yawo da Baibul yana cin kuɗin gumin fursunoni. Dattijo Brooks mai kula da ɗakin karatu kuwa, King bai ba shi wani wuri ba. Darabont ya jawo shi gaba: shekara 50 a kurkuku, aka sake shi, zaman waje ya gagare shi, ya rataye kansa a ɗakin da aka sauke shi. Shi ya sa ranar da aka saki Red, abokin Andy jarumin fim ɗin, ya sauka a wannan ɗakin, gaban mai kallo yake faɗuwa ba tare da kowa ya ce uffan ba.

Sai batun abota, inda muka fi rauni. A yawancin finafinanmu aboki ɗan rakiyar zance ne kawai, ko mai kai saƙo. Andy da Red kuwa da ciniki suka fara, Andy yana neman 'yar guduma ta sassaƙa dutse. Ranar da aka sa fursunoni shafa kwalta a rufin wani gini, Andy ya kusa sa mai gadi Hadley ya wurgo shi ƙasa, don kawai ya samo wa abokan aikinsa abin sha mai sanyi. Da aka kawo, shi ko kurɓa bai yi ba, ya koma gefe yana murmushi. Ba wanda ya tsaya rantsuwar amana, shekara 19 da suka yi tare a kurkuku ce ta yi wannan aikin.

Na san za ku ce kasuwa. Fim ɗin ma bai mayar da dala miliyan 25 da aka kashe ba a fitowarsa ta farko, kuma cikin lambobin Oscar 7 da aka sa sunansa bai ci ko ɗaya ba. Kaset da talabijin ne suka tashe shi daga baya.

Don Allah, a fim ɗinku na gaba ku ba abokin jarumi nasa labarin.