Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

'Yan'uwana ɗalibai da matasan ma'aikata, kowace shekara mukan yi wa abokanmu rakiya zuwa filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, wasu za su ƙaro ilmi a Turai, wasu kwas, wasu Umra. Sai ka ga mutum ya yi wata da watanni yana tara kuɗin tikiti, wani ma sai da aka sayar da sa a gida, amma in ka tambaye shi abin da ke cikin takardar inshorar da ya saya, sai ya yi zuru. Ya saye ta ne kawai don ofishin jakadanci ya ce sai da ita.

To, a nan kuskuren yake. Ƙasashen Shengen suna bukatar mai neman gajeruwar biza ya nuna inshorar da ta kai Yuro 30,000, amma wannan ta jinya ce da mayar da majinyaci ko gawa gida. Ba ruwanta da kuɗin tikitin da ya salwanta don an fasa tafiya.

Wani zai ce, ai kamfanin jirgi zai biya. I, wani lokaci. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ta tanadi diyyar Yuro 250 zuwa 600 idan aka soke tashin jirgi ko ya yi doguwar makara. Sai dai tana aiki ne a kan jirgin da ya tashi daga ƙasashen Tarayyar, ko jirgin kamfaninsu da ya nufi can, kuma idan yanayi ne sanadi babu diyya. Mu kuwa mun san halin hazon hunturu. Haka nan a watan Afrilu na 2010 tokar wani dutse mai aman wuta a Aisilan ta tsayar da jirage a yawancin Turai kusan kwana shida. Balle kuma a ce kai ne ka fasa, don mahaifinka ya kwanta asibiti.

Saboda haka ga shawarata. Da farko, ka sayi inshora ranar da ka biya kuɗin tikiti, domin ba ta biyan asarar abin da ya riga ya auku kafin a saye ta. Na biyu, ka karanta dalilan fasa tafiya da aka lissafa. Galibi akwai rashin lafiyar farat ɗaya da rasuwar makusanci, amma sau da yawa babu hana biza, babu tsohon ciwon da ka ɓoye. Na uku, ka duba awa nawa jirgi zai makara kafin a fara biya, da iyakar abin da za a biya, da kuma hukuncin wanda jirginsa na biyu ya kuɓuce masa a Alƙahira ko Adis Ababa. Na huɗu, ka tabbata kamfanin yana da lasin daga hukumar NAICOM. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da inshora ba, sai ya nemi ta takaful. In kuwa abin ya faru, ka karɓi takardar shaida daga kamfanin jirgi, ka adana kowane rasit.

Kada araha ta ruɗe ka, ai araha ba ta ado. Kuɗin da iyaye suka tara da gumi ya cancanci a zauna a karanta masa shafi biyu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.